Haihuwar Malam Ƙamus

Duk wanda bai san Malam Sirajuddeen Kambaza ba, to bai san adabi ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, ba ya ƙarya. Yaran Gwandu na kiransa Malam Ƙamus, saboda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka nahawu.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar shugaban ƙungiyar marubutan Gwandu da Kalgo. Sharaɗinta kuwa mai nema ya karanta wa jama'a abin da ya rubuta. Malam bai taɓa rubuta komai ba sai sa hannu.

Ana haka ya sayi dilar gwanjo a kasuwar Kalgo, ya tarar an cusa tsofaffin mujallun matan Ostireliya a ciki, waɗanda suka girme shi. Tsakanin tallan sabulu da darasin ɗinki akwai wani labari da ake bugawa kashi-kashi. Mai ba da labarin "ni" kawai yake cewa da Turanci, kuma "ni" ba ta da ɗankwali balle hula. Malam ya ce wannan ai shi ne.

Kowace Asabar a taron ƙungiyar sai ya ɓoye mujalla cikin fayil, ya hau mumbari, yana fassarawa nan take. Bai taɓa leƙa kashi na gaba ba.

"Wannan tarihin ƙuruciyata ne," in ji shi. "Da Turanci nake tunani, don tausayinku nake saukowa Hausa. Marubucin ƙwarai ba ya bita."

A kashi na farko wani soja ya tafi yaƙi, Malam ya raka shi tashar jirgi yana kuka. Ya ce amininsa ne. Muka yaba zumunci. A na biyu ya zauna saƙa 'yar ƙaramar safa. Ya ce masu hikima ba sa raina sana'a. A na uku amai ya dame shi kowace safiya, ga kwaɗayin tsami. Ya ce shawara ce ta zurfin tunani. Matan da ke layin gaba suka fara duban juna. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar zaɓe ta zo daidai da kashi na ƙarshe. Zaure ya cika har da manoman Dalijan. Ni ma ina wurin. Malam ya gyara babbar riga, ya ɗaga murya.

"Ruwa na zuba, sojan bai dawo ba. Sai na ji marata ta murɗa. Na riƙe ƙarfen gado na ce a kira ungozoma, domin naƙuda ta..."

Ya tsaya. Ya sauya tabarau. Rubutun bai sauya ba.

Hajiya Huseina, mai shekara saba'in, ta gyara mayafi.

"Ci gaba, Malam, kada ka bar mu da zulumi. Mi ka samu, mace ko namiji?"

Zanen aro ba ya rufe katara, balle na mai ciki. Kujera ta tafi hannun Malama Deborah, wadda ta karanta gajeriyar waƙarta ta zauna. Amma ba a bar Malam hannu wofi ba. Daga Gwandu har Kalgo yanzu ba a ce masa Ƙamus. Maijego ake kiransa.