Ranar da Aka Yi wa Man Minista Albarka

"Duk faɗin tsibirin Kirit, daga bakin teku har kan duwatsu, ba a haifi ɓarawon da zai sake satar sunana ba!"

Stamatis Furnarakis ke nan a shagon kofi na Lefteris, yana dukan tebur har kofuna na rawa. Gajere ne mai gashin baki kamar tsintsiya, in zai shiga ɗaki sai tumbinsa ya riga shi sallama. Minista ake ce masa a ƙauyen, don bai taɓa buɗe baki bai yi jawabi ba. A yi masa adalci dai, man zaitunsa na da kyau. Mahaifinsa, Allah ya jiƙan rai, ya bar masa itatuwa masu albarka, sai dai hankalin ne ya tafi da abinsa kabari.

Abin da ya hana shi sakat shi ne 'yan jabu. Sukan tsinci garewaninsa da aka juye, su jiƙa tambarin ya saɓule, su manna a garwar man masara. Har Uwargida Andromahi, 'yar kasuwar birnin Atina da ke kwashe mansa duk shekara, ta aiko cewa in ba ta ga kariya da idonta ba, bana a ƙauyen gaba za ta saya. Sai Minista ya yi odar wani tambari mai wayo daga birni: da ruwa ya taɓa shi, sai kalmar JABU ta fito da jan rubutu, ba ta kuma gogewa.

"To mene ne sirrin, Minista?" in ji Lefteris.

"Ko matata ba ta sani ba."

"Kai! Ashe an samu abin da Kalliyopi ba ta sani ba a ƙauyen nan. A buga ƙararrawar coci!"

A al'adar garin, sabon mai ba ya fita rumbu sai an yi masa albarka. Minista ya haɗa ranar da zuwan baƙuwarsa Andromahi, ya gayyaci rabin gari, ya jera garewani har rufi. Fada Yerasimos, limamin cocin garin, ya iso da kwanon ruwan albarka da ɗan reshen ɗoɗɗoya. Tsoho ne mai tsumulmular hannu. Ya yi addu'a, ya tsoma, ya yarfa sau ɗaya a bakin ƙofa.

"Fada, wannan ne albarkar? Ko akuyar Lefteris ka yi wa fiye da haka bara."

"Ɗana, ba da yawa ake..."

"Saki hannu! Kowace garwa ta samu rabonta. Kalliyopi, tsinko masa ganye na gaske!"

Za ka ce ya manta da tambarin ne. Bai manta ba, aboki. A lissafin Minista, ruwa shi ne na famfo da na sama. Wanda ke kwanon Fada kuwa albarka ce, kuma ba a taɓa jin albarka ta jiƙa takarda ba.

Kalliyopi ta kawo damin ganye kamar na sharar tsakar gida. Fada ya fusata, ya naɗe hannun riga, ya shiga fyaɗa, Minista na biye da shi yana nuni: "Ga waccan a lungu! Ta sama ba ta samu ba!"

Sai garwar farko ta yi ja. Sai ta kusa da ita. Kafin Fada ya sauke hannu, bango guda na ihu da jan rubutu: JABU, JABU, JABU.

Wata tsohuwa ta durƙusa. "Abin al'ajabi! Ruwan ya yi magana!"

"Ba al'ajabi ba ne, Iya, kimiyya ce!" Minista ya zaro hankicinsa da ya jiƙe sharkaf da gumi, ya shiga goge-goge. 'Yan tamburan da suka tsira su ma suka bi sahu.

"Ko ruwan famfo aka zuba haka za ta yi! A kawo busasshiya guda in gwada muku!"

Aka duba sama da ƙasa, babu. Shi da bakinsa ya sa aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Uwargida Andromahi ta dangwali man da burodi, ta tauna a hankali. "Mai dai mai ne. Amma ni ban taɓa sayar da kayan da ke ƙaryata kansa ba." Ta tambayi hanyar ƙauyen gaba. Mutum bakwai suka yi rige-rigen nuna mata.

Ran Lahadi Minista ya ga sai ya wanke sunansa a gaban jama'a. Ya sungumi tulun mai babu ko tambari, ya ratsa coci yana haki, ya dire a gaban Fada.

"Kyauta ce. A kunna fitilun waliyyai da shi, kowa ya ga haskensa!"

Fada Yerasimos ya dubi tulun, ya dubi hotunan waliyyai, ya rage murya yadda na bayan coci ma za su ji.

"Koma da shi, ɗana. Ai waliyyan sun riga sun faɗi ra'ayinsu a rumbunka."