Daren Da Na Ce Wa Dakta Na Ƙoshi

Ko sunana zan manta, ba zan taɓa mantawa da daren da mahaifin Rukayya ya kira ni cin abinci ba. Har yau idan na ji ƙamshin tafarnuwa a cikin man zaitun sai in ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa.

Lokacin ina shekarata ta biyu a Dubai, ina aiki a wani ofishin kago a Naif, muna ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya, in dare ya yi in koma Satwa inda muke kwana mu huɗu a ɗaki ɗaya. Rukayya kuwa 'yar likita ce, mahaifinta ya fi shekara ashirin yana aiki a garin, kowa Dakta yake ce masa. Wata takwas muna tare kafin ta ce Baba yana son ganina. Ta kuma ja mini kunne cewa zama ɗaya yake yi da mutum ya yanke hukunci, kuma samari biyu ya sallama kafin ni. Ni dai Allah ya sani ina son yarinyar nan kamar in yi yaya.

Dakta ba ya tashi daga asibiti sai goma ta wuce, don haka ya sa mini ƙarfe sha ɗaya a wani ɗan gidan abincin 'yan Italiya da ke wajen Marina, cikin layin nan da ba a barci. Kiɗa ta ko'ina, motoci na ta gurnani, mata da maza na ta zirga-zirga da kayan da ba su kai a kira su kaya ba. Sai ga ni a tsakiyarsu da farar shadda ta sha sitaci, da hula zanna, kamar wanda ya ɓata hanyar ɗaurin aure.

(Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Rukayya ba: tun shayin safe ban sa komai a cikina ba. Wai ina tanadin wuri.)

A cikin tasi na kira Umma a Kano don ta sa mini albarka. Ta yi addu'arta tsaf, sannan ta ce, "Kada ka kuskura ka hangame baki kana cin abinci a gaban surukinka. Ba haka na tarbiyyantar da kai ba." Na ce to. A raina kuwa na riga na gama lissafi: zai ce bismillah in ce na ƙoshi, ya sake in sake, a na uku in karɓa da sunkuyar da kai kamar an tilasta ni. Ai haka ake yi a gida.

Na same shi a wani teburi na waje, dattijo mai furfura da tabarau. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, har wasu Turawa suka juyo suna kallo. Mai kawo abinci, wani ɗan Filifin mai fara'a, ya ajiye mana takardar abinci. Dakta ya tambaye ni me zan ci, na ce alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake.

Ya ce, "Khalas, shi ke nan." Ya miƙa wa mutumin takardata.

Sau ɗaya fa. Na zauna ina jiran tayi na biyu kamar mai jiran motar da ta riga ta wuce. Aka kawo masa burodi mai tafarnuwa, aka biyo da taliya mai jatan lande tana tururi, aka zo ana goga masa cuku a kai sai da ya ɗaga hannu. Ni ruwa aka ba ni, da yankin lemon tsami yana iyo a ciki. Yana nannaɗe taliya a cokali yana tambayata asalinmu da karatuna, ni kuwa idona na raka kowace loma har inda za ta.

Ana cikin haka kiɗan maƙwabta ya ɗan tsaya, cikina ya zaɓi wannan lokacin ya yi wata ƙara mai tsawo, har da lanƙwasa a ƙarshenta. Dakta ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya ko lafiya. Da na yi murmushi na yi shiru, da an wuce wurin. Amma ina, sai na ji bakina yana cewa ai olsa ce ke ɗan damuna, shi ya sa aka hana ni cin abincin dare. Ga likita fa nake faɗa wa haka, jama'a.

Daga nan zancen aure ya mutu. Ya ajiye cokali ya hau tambaya: tun yaushe, ta wane gefe, yana tashina cikin dare, akwai mai irinsa a danginmu? Duk wadda ya jefo sai in cafe in ƙara mata gishiri. Kafin ya gama farantinsa na zama majinyaci sosai, har kakana da ya rasu lafiya ƙalau na shafa wa ciwon. Ya yi ta gyaɗa kai. Da muka tashi bai ce komai a kan Rukayya ba. Ya ce bari ya rage mini hanya, na ce a'a Baba, kada in wahalar da kai.

Ina ganin motarsa ta sha kwana na juya da sauri. Ɗan Filifin ɗin ya tare ni yana ƙoƙarin gaya mini wata magana, na ɗaga masa hannu, na ce ya kawo irin taliyar ɗazu da fiza babba, yalla, maza-maza. Da abinci ya iso na tuɓe hula, na naɗe hannun riga, na ture cokali mai yatsu gefe, na sa hannu kamar ina tsakar gidanmu. Miyar tumatir ta ɗiga a gaban shaddar, ban ko kula ba.

Ina tsaka da cusa fiza, cuku ya miƙe daga bakina har faranti, sai na ji an ja kujerar da ke gabana. Dakta ne, riƙe da leda mai tambarin gidan. Ashe tun muna zaune ya sa a naɗe mini abinci a ɓoye, ya zagayo ne don ya karɓa ya ba mai babur ya kai mini Satwa, don kada in ji nauyin karɓa a hannunsa. Abin da ɗan Filifin ɗin, bawan Allah, ke son gaya mini ke nan na hana shi.

Na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige da kujerar gaba ɗaya.

Ya ce, "Kunyar na gane ta tun farko, ni ma na yi wa nawa surukin. Amma 'yata ce a tsakani, sai na ji daga bakinka. Mara lafiya ne a gabana, ko maƙaryaci?"

Sai da na tauna sau uku, yana kallona, kafin na samu hanyar magana. Na ce, "Maƙaryacin ne, Baba."

Sai ya turo mini ledar, ya miƙe.

"To. Yau dai na samu gaskiya guda ɗaya a wurinka. Ka turo magabatanka, sauran ka riƙa biya a hankali."

Shekara uku ke nan da aurenmu, kuma har yau idan na ce wa Dakta ana rana a waje sai ya leƙa taga. Abin da na koya bai da yawa: in dattijo ya ce maka bismillah, ka wanke hannu tun a ta farko.