Yadda Na Shafe Kundin Malama Saratu

A zamanin soja, ofisoshin Sakkwato suka koma sabon tsarin kwamfuta mai linzami, ɗan abin da ake ja da hannu a nuna abu a allo, ni kuwa na kafe kan tsohon a shagona na buga takardu a Gawon Nama. Baƙin allo ne, sai ka rubuta masa umarni. Nakan ce linzami na ragwaye ne.

Wata Talata Malama Saratu, malamar firamare, ta zo karɓar kundin kammala karatunta. Rubutunta na hannu tuni na ba mai tsire ya naɗe nama, tunda na gama bugawa. Don in burge ta, na ce bari in share tarkacen cikin kwamfutar tukuna. Ina buga umarni ina kallonta. Na'urar ta tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Sai komai ya goge, har da kundinta.

Sabon tsari yana da kwandon shara da ake maido abin da aka goge. Nawa ba shi da shi.

"Injiniya, mi ya faru?" in ji ta. "Ina kundina?"

Shekara guda ta ƙara a makaranta. Ta yafe mini, amma har yau ko shayi na ce a haɗa mini, sai mai shayin ya ce, "Injiniya, ka tabbata?"