Takunkumin Nasara

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta uku a Arlit ba, ko da na so mantawar. Lokacin ina malamin lakwal, wato makarantar boko, ina riƙe da ajin ƙarshe na firamare, kuma ina fama da wata cuta da har yau ban warke ba: in na ga abin da ban sani ba, hankalina ba ya kwanciya sai na kwance shi na ga cikinsa. (Rediyo biyu da agogon bangon baffana duk ta wannan hanya suka riga mu gidan gaskiya.)

Shekarun nan ba su da daɗin tunawa. Kasuwar yuraniyom ta faɗi, kamfanoni na ta sallamar ma'aikata, fari ya koro makiyaya sun kafa bukkoki a gefen gari, ga tawaye ya sa ba a bin hanyar Agadas sai da rakiyar soji. Maiɗakina tana Damagaram da ɗanmu na fari, Habu, wanda aka raɗa wa suna ba na nan, har ya fara rarrafe ban sa shi a ido ba. Burina ɗaya ne a duniya: a mai da ni kudu. Da na nemi canjin, daraktanmu Mushe Illa ya ce komai yana hannun sufeton da za ta zo daga Agadas.

"In darasinka ya burge ta, ka tafi," in ji shi. "In ka yi shirme, ka nemi fili a nan ka fara buga tubali."

To, akwai wata ɗabi'a ta mutanen Arlit da ya kamata mai karatu ya sani. A garin nan ba a zubar da komai. Tsohuwar gangar kamfani ƙofar gida ce, bututun da aka yar ƙafar gado ne. Ba ma tambayar don me aka ƙera abu, sai dai me zai iya yi mana. Da Nasara suka fara tattara komatsansu suna komawa ƙasarsu, sai kasuwa ta cika da abubuwan da suka bari, ni kuma na mai da rumfar Nomau, wani mutumin Tawa mai sayar da irin wannan tarkace, ɗakin karatuna na biyu.

A nan na gan su, cike da wata babbar jakar leda, ba kwali ba rubutu. Farare tas, masu laushi, kowanne ya ɗan fi tafin hannu tsawo, kuma a kowane ƙarshe akwai ɗan zobe na zare.

"Nomau, wannan fa?"

"Wallahi Mushe ban san ko mine ne ba. Daga gidan wani Nasara na unguwar Akokan ya hito. Kai ad da boko, kai za ka gaya muna."

Wannan magana ita ta kashe ni. Na juya abin, na kara shi a hanci, na ja zoben nan zuwa kunne, sai na ji haske ya sauko mini. Takunkumi ne! Irin wanda masu shiga ramin haƙar yuraniyom suke rufe hanci da shi, amma wannan na manya ne, na injiniyoyi. Zoben sun ɗan gaza kai wa kunne, amma ban damu ba. Na ce wataƙila kunnuwan Nasara sun fi namu kusa da hanci. Na saye jakar duka.

A gida na sa reza na yi masa fiɗa, kamar yadda ilimi ya tanada. Daga waje akwai wani ƙyalle mai raga-raga, irin kwampires ɗin da ake rufe ciwo da shi a likita. A ciki auduga ce an jera ta hawa-hawa, mai kyau irin wadda rabon da a ga kamarta a garin tun kafin hanya ta rufe. Can ƙasa kuma wata siririyar leda ce shuɗiya. Na zuba masa ɗan kofin shayi, ya shanye tas, ko ɗigo bai fito ta baya ba. Na jinjina wa Nasara. Na yanke hukunci cewa raga na tare tsakuwa, auduga na tsotse damshin numfashi, leda kuma ita ke tare mugun ƙurar da ke tasowa in an fasa dutse a mahaƙa. Matsala ɗaya ce: da na ɗaura, numfashi ya gagara. Sai na ɗauki allura na huhhuda ledar. (A lokacin har na ji tausayin injiniyan da ya ƙera abin bai yi wannan tunani ba.)

Shi ke nan, darasin sufeto ya samu: kiwon lafiyar huhu a garin ma'adinai. Na huda na dukan ajin, na ƙara wa zoben tsawo da zare.

Ranar da za ta zo na rarraba wa yara. Maza suka ɗaura suna murna, suna kallon juna kamar likitocin tiyata. Yarinya ɗaya ce ta ƙi, Fatimata, babbar ajin, Buzuwa, wadda innarta ke wanki a gidajen Nasara.

"Mushe, ni ba ni sawa. Wannan ba na fuska ba ne."

"To na ina ne?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Ni kuma, da yake na karanta littattafan tarbiyya, na gane nan take cewa shirun nan na rashin amsa ne. Na ce ta koma bencin baya ta koyi abin da ba ta sani ba.

Sufeton ta iso da ayarin soji da hantsi. Dattijuwa ce, mai tabarau, da alamar hanya ta gajiyar da ita. Mushe Illa ya buɗe mata ƙofa, yara suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe ta, muryoyinsu na fitowa kamar daga cikin rijiya. Ni ma ina tsaye gaban allo, nawa a ɗaure, alli a hannu.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta sake dubawa. Na ce a raina, mamaki ya kama ta, Damagaram ga ni nan.

Na shiga darasi da ƙarfina. Na zana abin a allo, hawa uku, kowanne da kibiyarsa da sunansa. Na ɗaga sabo guda sama, na tsiyaya masa ruwa daga buta, na zagaya da shi layi-layi don kowa ya ga yadda yake sha ba ya zubarwa. Har gabanta na kai shi. Na lura kafaɗunta na rawa, ta danne baki da hankici. Na ce ka ga, ita ma ƙurar ta fara taɓa ta, sai na miƙa mata guda cikin ladabi.

"Mushe," ta ce da wata siririyar murya, "zo waje."

Muka tsaya a inuwar bango. Ta kalli sama, sannan ta dube ni.

"Ɗana, kana da aure?"

"Ina da shi, Madam. Har da ɗa."

"Allah ya ba matarka haƙuri. Wannan audugar mata ce. Ta al'ada. Zoben nan ba na kunne ba ne, a ɗamara ake maƙala su." Ta dube ni, ta kau da kai. "Cire mana, don Allah, ko na samu in ƙarasa maganar."

Na cire. Da ƙasar Arlit tana tsagewa don tausayi, da ranar ta tsage, amma ƙasar da sai da nakiya ake fasa ta ba ta san wannan ba. Kuma ga abin da ya fi ba ni kunya har yau: a cikin wannan hali, cutar tawa ba ta sake ni ba. Na ji bakina yana cewa, "To Madam, ledar fa? Mene ne aikinta?"

"Ledar da ka huda? Ai ita ce dukan amfanin abin."

Ta aika Mushe Illa ya kwance wa yara, shi kuwa ya shiga yana tafiya a karkace don dariya. Sannan ta tambaye ni ko akwai sauran da allurata ba ta kai gare su ba. Na ce fiye da rabin jaka. Nan fuskarta ta sauya. Ta ce a gidan haihuwa tsofaffin zannuwa ake dafawa a yayyaga, don auduga ta yanke tun da hanya ta lalace. Ta kuma tambaye ni ko na taɓa lura manyan ƴan matan ajina kan ɓace kwanaki kowane wata. Na lura mana. Har tsallen kwaɗo na sha sa su a kan haka. Ta raba jakar biyu, rabi gidan haihuwa, rabi hannun wata malama don ƴan matan.

Da za ta shiga mota na yi ƙarfin hali na tuna mata da zancen canji.

"Na daɗe ina yawon lakwal-lakwal," ta ce, "ban ga malamin da ya damu da huhun yara kamarka ba. Ba ni zan raba Arlit da kai ba."

Har yau ban gane ba ko yabo ne ko hukunci. Abin da na sani shi ne na nemi fili, na buga tubali, kuma tun kafin magaribar ranar nan gari duka ya san ni da Mushe Takunkumi. Nomau ma ya daina cewa ni ad da boko.

Tun da ni ban je kudu ba, sai kudu ta zo. Bayan wasu watanni maiɗakina ta biyo ayarin soji da yaron a goye. Da na ba ta labari, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni kuwa na matsa kusa na tambaye ta, cikin neman sani, su matanmu da me suke yi.

"Ƴan ƙyallayen da nake shanyawa a ƙarƙashin zanena a kan igiya fa?" ta ce. "Shekara biyu kana sunkuyawa ta ƙarƙashinsu da littafi a hannu. Har ka taɓa ɗaukar ɗaya ka goge tabarau."

Tun daga ranar, in na ga abin da ban sani ba, nakan ajiye reza, in fara kai wa uwar Habu ta gani.