Yadda Ake Haɗa Dorina da Silifas ɗin Mamaci

Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari kafin ki fita takaba za a kira ki mai fasaha. Ni ma haka aka kira ni, ni da na bar makaranta ban iya zana ko ƙwarya ba.

Mataki na ɗaya: Ki samu dalili

Nawa dalilin yayar maigidana ce, Ya Zainaba. Bayan sadakar bakwai ta rabar da tufafin marigayi, Allah ya ba ta lada. Aka bar yagaggiyar komarsa ta kamun kifi da silifas ɗinsa da dunduniya ta cinye. Ta ce, "Waɗannan ko kyauta ba mai karɓa. Ran Juma'a zan zo da buhu in kai su bola. Ajiye kayan mamaci shi ke hana zuciya warkewa."

Na ce to. Ke ma ki ce to. Mai takaba ba ta gardama, dabara take yi. Abin da aka haɗa ya zama wani abu, ai ya daina zama shara.

Mataki na biyu: Ki zaɓi dabbar da ba ki taɓa gani ba

Kada ki ɗauki akuya, kowa a unguwarmu ta Limanti zai gyara miki. Ni dorina na zaɓa. Maigidana masunci ne a Baga kafin tashin hankali ya koro su Maiduguri, ya koma sayar da bandar kifi. Kullum labarinsa dorina: bakinta kamar ƙofar shago, tana nitsewa sai ka ga kunne kawai. Nakan ce masa, "Malam, dorinar nan kullum ƙara girma take yi." Sai ya ce, "Ai ci take yi."

Mataki na uku: Ki tara kaya

Ba sai kin fita ba. Ambaliyar da ta shigo gari ta bar mana arziki a bayan ɗaki. Jarka rawaya ita ce gangar jiki. Gwangwanin tumatir huɗu, ƙafafu. Rabin bokiti, baki. Cokulan roba, haƙora. Ki lulluɓe komai da koma, ki ɗaure da waya. Silifas su ne kunnuwa.

Idan kika ɗaga komar kika ji ƙaurin hayaƙi da kifi, ki ajiye, ki je ki hura wuta ko da babu abin dafawa. Masana sun ce hayaƙi ne ke kawo hawaye.

Mataki na huɗu: Ki nemi fatawa

Za a ce miki gunki kike yi, mala'iku ba za su shiga gidan ba. Na aika aka kira Malam Mikail, limamin layinmu, aka fitar masa da ita zaure. Ya zagaya ta, ya gyara tabarau, ya ce, "Hajiya, mece ce wannan?"

Daga bayan labule na ce, "Dorina ce, Allah gafarta malam."

Ya sake zagaya ta. Ya ce, "Abin da aka hana shi ne kwaikwayon halittar Allah. Wannan kuwa ba ta yi kama da komai da Allah ya halitta ba. Ki ci gaba."

Ki yi godiya. Ba kowa ne rashin iyawarsa ke wanke shi ba.

Mataki na biyar: Ki bar masu ilimi su faɗa miki abin da kike nufi

Adaeze, 'yar maƙwabciyata mai shago, ɗalibar jami'a ce. Ta ɗauki hoto, ta ce, "Mama, kin nuna yadda Tafkin Chadi ke ƙafewa, roba tana cinye dabbobi!"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, shi na nufa." Ki gyaɗa kai a hankali. Kada ki ce silifas kike ɓoyewa.

Mataki na shida: Ranar Juma'a

Ya Zainaba ta shigo da buhunta. Ki tuna, ita a Baga ta girma, ta ga dorina da idonta. Wannan shi ne kuskuren da ban lissafa ba.

Ta tsaya a kanta, ta ce, "Kunnuwan dorina ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba. Wannan jakinki ne?"

Na ce, "Haka ƙaninki ya kwatanta min."

"Babakura maƙaryaci ne. Sau ɗaya ya gan ta, ya jefar da filafilin tuƙin jirgi ya yi kwana biyu yana zazzaɓi."

Ta yi dariya. Sai ta sa yatsa a ramin da dunduniyarsa ta bari a kunnen hagu, dariyar ta tsaya. Ta zauna a kan buhun. Can ta kwance bakin zanenta, ta ciro wata baƙar igiya. Na gane ta, da ita yake rataya rediyonsa a wuya. Ashe ita ma ba komai ta rabar ba.

Ta ce, "Dabbarki ba ta da wutsiya. Miƙo waya."

Gargaɗi

Ban ɗauki alhakin yankan gwangwani ba, ko dariyar maƙwabta, ko kaza ta yi ƙwai a bakin dorinarki. Kuma ban ce zuciya za ta warke ba. Tawa dorinar tana nan ƙofar ɗaki, kunnuwanta a tsaye, daidai inda maigidana yake cire silifas ɗin idan ya dawo.