Dakta Sheƙi da Garin Hana Tsufa

In ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwa a layinmu, a fara da Dakta Sheƙi, sannan a huta kafin a ambaci wani. Dakta ne na gaske, don kwas na kwana uku ya yi ta waya, aka turo masa takardar shaida, ya rataye ta a shagonsa na mayukan shafawa. Shekarunsa arba'in da biyu. Shekara tara ke nan suna tsaye a wurin, ko gezau.

Sirrin kuwa garin kolajin ne, wanda yake sayarwa cikin gwangwani mai ruwan zinariya. Ko sabulu ka shigo saya, sai ka sha lacca.

"Kolajin shi ne gam ɗin da ya riƙe ɗan Adam," in ji shi, yana shafa kumatu. "Fata, gwiwa, jijiya, ƙashi, duk shi ya ɗaure su. Da ka fara manyanta sai ya soma raguwa, ka dinga saɓulewa. Ni kuwa dube ni! Cokali biyu, safe da yamma."

Mukan duba kuwa. Gashi baƙi wuluk, har da ragowar rini a bayan kunne. Tabarau kam ya haramta wa kansa, wai kayan tsofaffi ne. In saƙo ya shigo wayarsa sai ya miƙe hannu iya tsawonsa yana ƙanƙance ido, ya ce mana motsa jiki yake yi.

Abu ɗaya ke rage masa daraja a duniya: yayansa mahauci ne, kansa fari fat da furfura. Dakta ya kafa masa doka, ta ƙofar baya zai riƙa shigowa, saboda ƙarni yana kashe ƙarfin magani.

Ana nan sai wata Hajiya mai otal-otal ta aiko cewa tana son ganin garin. In ya yi mata, Dakta ne zai riƙa kai wa duk otal ɗinta, ya bar layinmu ya koma bene mai gilashi. Har ya fara yi mana sallama da tausayi. Ranar zuwanta ya sake fenti, shago da gashi duka. Yayan ya iso da saƙo daga matar Dakta, bai ko buɗe baki ba aka tura shi sito aka ja labule.

Hajiya ta zauna, ta juya gwangwani. "Da me ake yin sa? Baƙina suna da tambaya."

"Furanni ne, ranki ya daɗe, na can ƙasan teku. Ba kowa ya san su ba."

"To karanta mini, ga shi nan a rubuce ƙanana."

Wayyo Dakta! Shekara uku yana sayar da abin nan, bai taɓa ganin ƙananan rubutun ba. Ya miƙe hannu. Ya ƙara miƙewa. Ya ce hasken fitilar ne ba shi da kyau.

Sai labule ya motsa, yayan ya leƙo da tabarau a hannu. "Ga saƙon nan, ƙanena. Matarka ta ce ka manta da shi a ƙarƙashin filo."

"Ba nawa ba ne!"

"To bari in ara." Ya maƙala, ya karɓi gwangwani, ya bi layin da yatsa a hankali. "Fatar saniya... da ƙashi." Ya kece da dariya. "Ashe kayana ne! Duk Laraba mota ke zuwa mahauta ta kwashe su. Ni da nake kai maka ƙashi kyauta kana toshe hanci?"

Hajiya ta ce dama likitanta ya gaya mata ciki narkar da shi yake yi kamar kowane nama, jiki ya kai inda ya ga dama, ba lallai kumatu ba. Ita ba saniyar ce ta dame ta ba, mai sayar da abin da bai sani ba shi ne matsalar.

Dakta ya yi ta maza. "Ranki ya daɗe, bar rubutu, dubi shaida! Arba'in da biyu, ko layi ɗaya babu a goshi."

Hajiya ta dubi mahaucin. "Baba, ɗanka ne?"

"Ɗa kuma? Ai tagwaye ne mu, Hajiya. Minti ashirin na ba shi."

Gwangwanin ya suɓuce daga hannun mahaucin ya gangara ƙarƙashin kanta. Hajiya ta ɗauki jakarta. Dakta ya durƙusa da sauri zai ɗauko, sai gwiwar ta ce ƙas, har mu da ke bakin ƙofa muka ji. Ya yunƙura sau biyu, tashi ya gagara.

Tsohon nan mai ƙarni, wanda kullum ke saɓa cinyar saniya a kafaɗa, shi ya ɗaga shi cak da hannu ɗaya, ya zaunar da shi daidai ƙarƙashin takardar shaidarsa.