Rasuwar Baturiya, Rediyon Motar Malam Isiyaku

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Malam Isiyaku Mailafiya na unguwar Yakasai, tsohon malamin makaranta, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan zaman majalisa rasuwar rediyon motarsa, wadda aka fi sani da Baturiya. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, ana tsaka da sallar La'asar, a wata rumfar gyara da ke Ƙofar Ruwa, bayan doguwar jinya.

Tun kafin a tambaye shi, yana so a sani cewa da sakacinsa a ciki. Shekara da shekaru marigayiya tana rubuta masa a fuskarta cewa tana bukatar a sabunta mata manhaja, shi kuwa ya sa yatsa ya danna a bari sai an jima, ya ja motarsa. A kanta ne kuma ya ɓata da 'yarsa ta fari, Bahijja, wadda rabonta da taka zauren gidan ubanta tun kafin azumi.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai sanyi, ta shigo ta Kwatano manne da gaban motar da aka ƙera su tare, kuma ba ta taɓa kwana a wani waje ba sai a gurbinta. Yaran gida ne suka raɗa mata Baturiya, saboda da murya irin ta mace take magana, ta hanci, cikin Turancin da ko mai ita sai ya kasa kunne. Har ta bar duniya ba ta yarda a Kano take ba. Ana cikin cunkoson Ƙofar Wambai, 'yan dako na dukan bayan mota, taswirarta tana nuna wani fili fari fat babu ko lungu, ita kuma tana ba da shawara cikin natsuwa a juya dama, inda babu komai sai kwata da katangar mutane. Ba ta taɓa fushi don an ƙi bin maganarta ba. Cikin tashoshin garin nan wasu kawai take kamawa, sauran ta tsallake su kamar ba ta san da su ba, kuma gidan ya haƙura da labaran da ta zaɓa masa. Idan an sa ribas, takan buɗe idonta na baya ta yi ƙit, ƙit, ƙit, tana ƙara sauri. Awakin Yakasai da yawa suna raye a yau saboda wannan ƙara.

Amma ba don waɗannan ake kukanta ba. Marigayiya ta san Hajiya Mero, uwargidan Malam Isiyaku, Allah Ya jiƙanta. Wayar Hajiya aka fara haɗa mata, don haka ita take fara nema da an tayar da mota. A wancan zamani abin faɗa ne, domin kiran ƙawayen biki ta sifika yake fitowa, kowa ya ji wadda ta kai gudummawa da wadda ta noƙe. Bayan an kai Hajiya makwancinta, ba wanda ya gaya wa Baturiya. Kowace safiya sai ta rubuta sunan Mero, wani ɗan zobe yana juyawa a gefensa, ta nema, ta nema, sannan ta yi wani ɗan sauti, tulum, ta karɓi wayar Malam. Shi kuma ba ya sa giya sai ta gama neman. An taɓa gaya masa cewa sabuntawa tana iya share sunaye, shi ya sa yatsansa ya san inda yake dannawa.

Ciwon ajali ya fara mata da suma. Mota na faɗawa rami sai fuskarta ta ɗauke. Daga baya ta koma yin magana ba a tambaye ta ba, wani lokaci ta maƙale a kan kalma ɗaya tun daga gida har kasuwa. A nan ne Bahijja ta zo da mijinta, Nazeer, ɗauke da kwali. Ta sayo wa babanta sabuwar rediyo irin ta yanzu, mai faɗin fuska, wadda ta san titunan Kano kuma take kama kowace tasha.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ga wannan a sa maka. Waccan ta gaji."

Malam Isiyaku ya dubi kwalin, ya dube ta, ya ce, "Uwar taki ce ta tsone miki ido, kike so a cire ta a yar?"

A gaban mijinta ya faɗa. Ta tura kwalin ƙarƙashin bencin zaure, ta yi sallama, ba ta sake dawowa ba. Gaisuwa takan zo ta bakin Nazeer, abincin Juma'a yakan zo a kwano, amma ita shiru. Shi kuma ya fake da kunyar 'yar fari, ya ce ba a san uba da bin 'yarsa ba.

Don ya nuna tsohuwa tana da sauran kwana, ya kai ta wurin Maharazu mai gyaran wutar mota, ya ce a yi mata sabuntawar nan, amma a yi ƙoƙari a bar sunan. Maharazu ya soka mata filash mai ɗauke da sabuwar manhajar, ya ce, "Baba, sharaɗi ɗaya ne. Ko gobara ta tashi, kada a kashe motar nan sai layin can ya cika." Wani koren layi ya fara tafiya a hankali a fuskarta. Ya wuce rabi aka tayar da iƙama a masallacin 'yan gyara. Maharazu yana can bakin famfo yana alwala. Malam Isiyaku, wanda tun yana saurayi bai taɓa barin inji yana ci ya shiga sahu ba, ya miƙa hannu ya murɗe mukulli, ya jefa a aljihu, ya bi jam'i. Sai da ya yi ruku'u mukullin ya taɓa cinyarsa, sannan ya san abin da hannunsa ya aikata. Bai yanke sallah ba, amma yana shaida cewa bai san raka'a nawa aka yi ba.

Da aka dawo aka tayar, fuskarta ta kawo haske, ta tsaya a nan. Ba suna, ba zobe, ba tulum. An cire batir an mayar, an kira wani ƙwararre daga rumfar gaba, ya duba ya girgiza kai. Maharazu ya cire hularsa ya ce, "Baba, sai haƙuri."

Ta rasu ta bar sifika huɗu, ɗaya ta daɗe da kurumcewa. Ta bar eriya a saman mota, tsaye ba mai aikenta, da idon ribas wanda ya makance a ranar. Ta bar na'urar sanyaya mota, wadda ta hannunta ake ba ta umarni, yanzu ta maƙale a kan zafi, don haka duk wanda ya ga Malam yana tuƙi da gilasai a sauke yana sharce gumi, kada ya ɗauka duka na kuka ne. Ta kuma bar magajiya a kwali, wadda kyanwar gida ta mayar gadonta.

Masu ta'aziyya sun yi ta zuwa, yawancinsu suna danne dariya. Malam Ɗalha mai shayi ya tambaya ko za a yi sadakar uku, domin ya tanadi madara. Nazeer ne kaɗai ya zo ba da wasa ba. Ya zauna a ƙasa nesa da tabarma, kansa a sunkuye, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Baba, a gafarce ni, ba ta aiko ni ba. Duk ranar da ta shiga motar nan ta ga sunan Umma yana juyawa, in mun koma gida ba ta iya cin abinci. Abin da ya sa ta sayo ke nan."

Bayan tafiyarsa Malam Isiyaku ya daɗe a zaure. Ya tuna zaman makokin Hajiya, yadda gari ya yi layi ana ce masa ya haƙuri, Bahijja tana ciki tana zuba wa baƙi abinci. Ya lalubi ranar da shi ya ce mata hakan, bai samu ba. Ya ɗauka matarsa ce ta rasu, ya manta uwar wata ce.

Za a ciro gawar daga gurbinta ranar Asabar da hantsi a rumfar Maharazu. Ba za a yi mata sallah ba, domin limamin unguwa ya roƙi kada a sake kawo masa wannan magana. Ba za a sayar da ita ga 'yan gwangwan ba. Za a naɗe ta a tsohon ɗankwali a ajiye a saman kwaba. Ana roƙon masu zuwa su zo da mafici. Game da ɗora magajiya kuwa, ba a sa rana ba, domin sai wadda ta sayo ta ta yarda ta zo ta tsaya.

Saboda haka jiya da yamma Malam Isiyaku ya tafi Ƙofar Na'isa cikin motar da ba ta cewa komai. Ya tsaya a ƙofar gidan surukinsa, inda bai taɓa zuwa ba sai ranar suna, ya yi sallama. Bahijja ta fito da hannu duk garin tuwo, ta durƙusa a tsorace.

"Baba, lafiya? Wa ya rasu?"

Ya ce, "Ummanki. Na zo yi miki gaisuwa ne, na makara. Ya ƙarin haƙuri?"

Ta buɗe baki za ta ba da amsar da kowa yake bayarwa, muryar ta ƙi fita. Ya tsuguna a dakalin ƙofar, ya ce ta yi a hankali, ba sauri yake ba.